Babban jirgin ƙasa na wasa: mai arha zai yi ƙarko a tsakar gida?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana mai shekara 9 ya ƙwallafa rai a kan jirgin ƙasa tun ranar da muka shiga na Abuja zuwa Kaduna. Ina so in saya masa babban jirgin wasa, irin wanda Turawa ke shimfiɗa wa dogo a lambu, mu ajiye a tsakar gidanmu a Kaduna. Ƙanina yana Amurka, shi zai taho da shi. Ya turo min hotuna, akwai saitin da bai kai dala 100 ba, akwai na ɗaruruwan daloli, kuma a ido duk kusan girmansu ɗaya. Masu arhar nan suna da inganci, ko asarar kuɗi ce?

Amsa: Wa'alaikumus salam wa rahmatullah, Malam. Allah ya raya yaro, ya yi masa albarka. Yaron da ya shiga jirgi sau ɗaya ya dawo gida yana tambayar yadda ake sarrafa shi, a riƙe shi da kyau, domin akwai basira a wurin.

Ni sana'ata gyaran kayan lantarki ce a kudancin Jamus, kuma na daɗe cikin masu sha'awar irin wannan jirgi. Abokai kan kawo min nasu idan ya tsaya, don haka na kwance mai tsada na kwance mai arha, na ga abin da ke kashe kowanne. Abin da zan gaya maka daga kan teburin gyara ya fito.

Hotunan da ƙaninka ya turo saman jirgi suke nuna maka: fenti, bututun hayaƙi, fitila, 'yan tagogi. Kuɗin wannan kaya kuwa a ƙasa yake. Yana cikin dogon da jirgin ke takawa, da ƙafafunsa, da ɗan injin lantarki da giyar da ke ɓoye a cikinsa. Zuba roba mai sheƙi ba ya cin kuɗi, shi ya sa na dala 60 da na dala 600 suke kama da juna a fuskar waya. Ka kifa su ka duba ƙarƙashi, sai ka ga ba dangin iya ba na baba.

Kaya iri biyu ne ake sayarwa da suna ɗaya. Na farko abin wasan yara ne zalla, wanda aka yi don a zagaya da shi gindin bishiyar Kirsimeti na 'yan makonni a mayar cikin kwali: dogon roba, batir, kiɗa da ƙarar kararrawa. Na biyu kuma shi ne matakin farko na jirgin lambu na gaske, wanda ake iya ƙara masa dogo, a saya masa tarago, a gyara shi idan ya lalace. Dukansu biyu ana kiransu masu arha, amma arhar ba ɗaya ba ce. Na farko idan ya mutu ya mutu ke nan. Na biyu idan ya mutu akwai magani.

Bari in fara da ma'auni, domin nan ne sabon shiga ke fara yin asara. A 1968 kamfanin Lehmann na birnin Nuremberg ya fito da jirgin da ya sa wa suna LGB, wanda aka yi shi don ya jure rana da ruwan sama. Tazarar da ke tsakanin ƙarafan dogonsa biyu milimita 45 ce, kuma wannan tazarar ita ce yau ake kira G. Harafin daga kalmar Jamusanci mai nufin babba ya fito, ko da yake mutane da yawa sun ɗauka daga kalmar Turanci mai nufin lambu ne. Lehmann ya ƙera jiragensa a kan kashi 1 cikin 22.5 na girman jirgin gaske, saboda yana kwaikwayon ƙananan layukan Turai masu faɗin mita ɗaya. Daga baya kowane kamfani ya zo ya hau wannan dogo da nasa lissafin. Aristo-Craft da USA Trains suka ɗauki 1:29, Bachmann ya yi wasu a 1:22.5 wasu a 1:20.3, Hartland ya tsaya wajen 1:24, masu son daidaito na ƙarshe kuma suna kan 1:32. Duk suna tafiya a dogo ɗaya, amma idan ka jera su sai ka ga wani ya yi wa wani tsawo, kamar an haɗa raƙumi da doki a ayari ɗaya. Mutum mai tsawon mita 1.7 zai zama santimita 7.5 a ma'aunin LGB, amma bai kai santimita 6 ba a 1:29.

Akwai abin da ke faranta min rai a wannan lissafi, kuma ina ganin zai burge ɗanka. Tsohon dogonmu, wanda ya iso Kano a 1911, faɗinsa milimita 1,067 ne. Raba shi da 24, za ka samu 44.5, wato kusan 45. Ke nan duk wanda ya so ƙera tsohon jirgin Legas zuwa Kano da hannunsa, ma'aunin 1:24 ne nasa. Sabon layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 kuwa faɗinsa milimita 1,435 ne, wanda idan ka raba da 32 zai ba ka 44.8. Ka ba yaron kalkuleta ya gano wannan da kansa.

Ga inda haɗarin yake: ba duk babban jirgi ne ke kan milimita 45 ba. Saitin batir na kamfanin Lionel da ake sayarwa da sunan Ready-to-Play, alal misali, dogonsa ya ɗan fi haka faɗi, don haka ba ya hawa dogon LGB ko na kamfanin Piko na Jamus, su ma nasu ba sa hawa nasa. Ba aibi ba ne ga wanda ya san abin da ya saya, amma wanda ke shirin faɗaɗawa gaba ya shiga lungun da ba ya ɓullewa. Ka ce wa ƙaninka kada ya kalli girman kwali, ya nemi inda aka rubuta 45 mm.

Yanzu dogo. A nan zan daɗe, domin rabin amsarka a nan take.

Dogon roba shi ke zuwa da mafi arhar saiti. A cikin ɗaki yana aiki. A rana kuwa, robar da ba a haɗa ta da maganin zafin rana ba takan kode, ta bushe, ta riƙa karyewa kamar tsohon bokitin da aka manta a bayan gida. Ka san yadda ranar bazara ke yi wa kujerar roba a Kaduna, to haka za ta yi wa wannan dogo, kuma shi ya fi kujera siranta. 'Yan haƙoran da ke haɗa wannan yanki da wancan su ke fara tafiya. Da biyu ko uku sun karye, da'irar ba ta ƙara rufuwa.

Sai dogon ƙarfe mai rami a ciki, wato falle ne na ƙarfe aka lanƙwasa ya yi siffar dogo. Irinsa ne ya daɗe yana zuwa cikin saitin Big Hauler na Bachmann, kuma don cikin ɗaki aka yi shi. Yana ɗaukar wutar lantarki lafiya, amma damina ɗaya ta ishe shi tsatsa, kuma idan aka taka shi ya lotsa ba ya komawa daidai. Kamfanin yana sayar da na tagulla daban ga masu son fita waje.

Na uku shi ne dogon tagulla curarre, wanda ba rami a cikinsa, irin na LGB da Piko. Tsayin ƙarfen ya kai milimita 8.4, an ɗora shi a kan 'yan sandunan roba masu jure rana. Babba zai taka shi bai lanƙwashe ba. Ba ya tsatsa, sai dai ya yi duhu, kuma duhun ma kyau yake ƙara masa don ya fi kama da dogon gaske. Na ga dogon tagulla da ya shekara fiye da ashirin a waje, ya sha ƙanƙara ya sha rana, aka tono shi aka wanke aka sake shimfiɗawa a wani gida. Shi ne abin da ya fi tsada cikin saiti mai kyau, kuma shi ne abin da ba ya faɗuwa a kasuwa. Idan yaro ya girma ya daina, dogon nan kuɗi ne a ajiye. Akwai kuma na ƙarfen da ba ya tsatsa da na alminiyom, amma ba kasafai suke zuwa cikin saitin farko ba. Hanya mai sauƙi ta ganewa idan kaya na hannunka: kanga masa maganaɗisu. Idan ya kama gam, ƙarfe ne mai tsatsa. Tagulla ba ta kama maganaɗisu.

Abu ɗaya game da tagulla a ƙasa mai zafi: tana miƙewa. Kowace mita ɗaya takan ƙaru da kusan milimita 0.019 a duk digiri ɗaya na zafi. Kamar ba komai ba, amma ɗauki dogo mai mita 10, tsakanin sanyin asubar hunturu da tsakar ranar bazara a samu bambancin digiri 40 a jikin ƙarfe, ka ga ya ƙaru da kusan milimita 8. Idan ka kafe kowane yanki da ƙusa, ba shi da wurin zuwa sai ya karkace. Don haka a bar 'yar tazara a mahaɗa, a kwantar da dogon cikin ƙananan tsakuwa ya riƙa numfashi, kamar dai yadda ake yi wa na gaske. Kada a ɗora shi a kan katako a ƙasa, gara ba za ta bar shi ba. Bulo ko siminti a ƙasa, tsakuwa a sama.

Kusan kowane saitin farko da'ira ɗaya yake zuwa da ita: yanki 12 masu lanƙwasa, waɗanda idan aka haɗa su faɗin da'irar mita 1.2 ne, zagayenta bai kai mita 4 ba. Yaro mai shekara 9 zai gaji da kallon wannan zagaye cikin kwana uku. Abin da ke riƙe shi shi ne miƙaƙƙen dogo, da mararrabar da zai juya da hannunsa ya tura jirgi wata hanya, da wurin ajiye tarago. Shi ya sa nake cewa kada kuɗi ya ƙare a kan saiti, a rage na ƙarin dogo.

Sai kan jirgi, wato mai jan taragon. Shekarun baya, kafin in san kan abin, na sayi wani babban saiti mai arha a wani shago da ke rage kaya bayan Kirsimeti. Ya yi kyau ƙwarai, baƙi da ja, yana hayaƙi. Mun yi kamar mako shida muna jin daɗinsa da 'ya'yana, sai na fara jin ƙas, ƙas, ƙas, sau ɗaya a duk juyin ƙafa. Bayan kwana biyu injin na kuka, jirgi na tsaye. Da na kwance shi na tarar giyar roba da aka cusa a kan sandar ƙarfen ƙafafu ta tsage gida biyu. Na nemi irinta ban samu ba, domin ba a yi jirgin don a gyara ba. 'Yata ƙarama ta yi kuka a ranar, kuma har yau ina jin abin a raina, domin ba kuɗin ne ya dame ni ba, alkawarin da na yi musu ne na cewa za mu gina masa gada.

Wannan ciwo shi ne ya fi kashe jirage masu arha. Ana matsa giyar roba a kan sandar ƙarfe da ƙarfi. Roba tana tsukewa da tsufa da zafi, ƙarfe ba ya bin ta, sai ta tsage. Idan robar mai kyau ce kuma giyar na da kauri, sai a shekara da shekaru ba a ji komai ba. Idan an yi tsimin roba, wata shida ma nasara ce. Abu na biyu shi ne ko akwatin giyar a rufe yake. A jirgi mai kyau, injin lantarki da giya suna cikin akwati rufaffe, giris na ciki, ƙasa na waje. A mai arha sau da yawa haƙoran giyar a buɗe suke ta ƙasa, suna kallon turɓaya. Ka tuna ƙurar hunturu da yashin tsakar gida. Yashi idan ya haɗu da giris ya zama samfefa, ya cinye haƙoran roba cikin ɗan lokaci. Ga mutumin Kaduna, rufaffen akwatin giya ya fi hayaƙi da kiɗa da fitila muhimmanci gaba ɗayansu.

Abin da ya ɗaga sunan tsohon LGB ke nan. Injinan lantarkinsa na kamfanin Bühler ne, masu tafiya a hankali ba tare da fizga ba, akwatin a rufe, robar jikin mai jure rana. Ƙaramin kan jirginsu mai ƙafa huɗu da ake kira Stainz, wanda aka kwaikwayo daga wani jirgin Ostiriya, shi ne hoton tambarin kamfanin, kuma ana kawo min waɗanda suka girme ni a wannan sana'a, in share su in sa giris su tashi.

Wata shawara da sabon shiga ba ya son ji: ƙaramin kan jirgi ya fi babba a kuɗi ɗaya. Idan ka ga doguwar na'ura mai ƙafa goma a farashin ƙarama mai ƙafa huɗu, ka tambayi kanka ina aka rage. Ban da haka, dogon kan jirgi yana shan wahala a kwanar da'irar mita 1.2, ƙafafunsa na gogar dogo, giya na ɗaukar nauyin da bai kamata ba. Ƙaramin kuwa kwanar gidansa ce. Haka nan hawa: kada tudu ya wuce santimita 2 zuwa 3 a kowace mita, in ba haka ba ko mai tsada zai gaji.

Ƙafafun tarago na roba su ne ke zuwa da kusan duk saitin farko, har da na manyan kamfanoni. Suna tara datti su shafa wa dogo, kuma ba su da nauyi, iska kaɗan ta kayar da tarago. Wannan ba abin damuwa ba ne, ana sayar da na ƙarfe daban a canza a hankali, tarago ya zauna daram, ga kuma ƙarar nan mai daɗi a mahaɗar dogo. Ƙugiyar haɗa tarago ma ta bambanta tsakanin kamfanoni. Ta LGB da Piko, mai ƙugiya da zobe, ita ce ta fi sauƙi ga hannun yaro kuma ba ta yawan kwancewa a hanya.

Batir ko wutar dogo? A nan ra'ayina ya ɗan saɓa da na abokaina na Jamus. Su sukan raina duk jirgin batir, domin a idonsu batir alamar abin wasa ce. Ni ban yarda ba. Laifin saiti mai arha ba batir ba ne, giya ce da dogo. Jirgin da ke ɗaukar wuta daga dogo yana son saman ƙarfen ya kasance tas. Ƙura kaɗan, sai ya riƙa tsayawa yana tashi, fitila na ƙyaftawa. A hunturu kusan kullum sai an goge kafin a kunna. Ga kuma wutar da ke zuwa ta ɗauke. Jirgi mai batir da rimot bai damu da ko ɗaya ba, kuma ƙwararru da yawa a Amurka da Ingila da kansu suke cire wayoyin ɗaukar wuta su sa batir mai caji. Don haka idan aka samu kan jirgi mai inganci na kamfanin da aka sani wanda ke aiki da batir, to ya dace da tsakar gidanka sosai. Idan kuma mai wutar dogo aka samu, ba matsala: ka nemi wanda ke da 'yan takalman ƙarfe a ƙasa masu gogar dogo, kamar na LGB da Piko, suna taimakawa ƙwarai wajen ɗaukar wuta. Gogewa kuma da ƙyalle da ɗan sifirit, ko dutsen goge dogo da ake sayarwa don haka. Kada a sa samfefa mai kaushi, tana barin zane da datti ke maƙalewa a ciki.

Wutar da ke kan dogo ba ta wuce bolt 24, ba ta cutar da yaro. Amma taransifomar da ke rage ta tana haɗe da wutar gida, don haka a ɗaki take zama, a wuri busasshe, waya kawai ke fita waje. Kuma ga abin da ƙaninka zai duba da idonsa kafin ya biya: wutar Amurka bolt 120 ce, tamu ta Najeriya 230. Idan an rubuta 100–240 V a jikin taransifomar, kan soket kawai za a canza. Idan 120 V kaɗai aka rubuta, to ranar farko za ta ƙone in ba a haɗa ta da na'urar rage wuta ba. Na ga an yi wannan asarar fiye da sau ɗaya, kuma ranar murna take faɗowa. Ka kuma sani taransifomar saitin farko ƙarama ce, wajen amfiya ɗaya, ta ishi ƙaramin jirgi ɗaya amma ba ta ɗaukar biyu.

Game da sunayen da zai gani a kasuwa, ga yadda nake kallonsu. New Bright da makamantansa abin wasan ɗaki ne, kuma a matsayinsu na haka ba su yi ƙarya ba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ga yaro ɗan shekara huɗu ko biyar, a falo, lokacin hutun sallah, kuɗinsu ya biya. Newqida na ƙasar Sin yana kan milimita 45, kuma masu sha'awa da dama kan sayi taragonsa saboda arha, su canza masa ƙafafun ƙarfe su haɗa da kan jirgi mai kyau, dabara ce mai kyau ta tsawaita jirgi. Big Hauler na Bachmann shi ya shigar da Amurkawa masu yawa wannan harka tun wajen ƙarshen shekarun 1980. An yi ta gyara tsarin giyarsa daga fitowa zuwa fitowa, don haka na baya-bayan nan sun fi na farko, kuma ana samun kayan gyaransa. In za a saye shi don waje, a lissafa kuɗin dogon tagulla a kai, daga nan ne za ka ga ainihin farashinsa. Piko na garin Sonneberg ya shiga wannan ma'auni a 2006, kuma a ganina saitinsa na farko shi ne ya fi daidaita tsakanin kuɗi da inganci ga mai sayen sabo: dogon tagulla, ƙaramin kan jirgi mai sauƙin gyara, kuma yana haɗuwa da kayan LGB. Shi LGB ɗin, kamfanin Lehmann ya durƙushe a 2006, kamfanin Märklin ya karɓe shi a 2007, har yanzu ana ƙera shi, kuma yana sama da Piko a farashi.

Amma in da kuɗina ne, Malam, ba sabo zan saya ba. Da tsohuwar zuma ake magani. A Amurka kasuwar kayan hannu na wannan jirgi babba ce, domin mutane da yawa sun saya don Kirsimeti, suka yi amfani da shi 'yan lokuta suka ajiye a kwalinsa. Tsohon saitin LGB mai ƙaramin Stainz da tarago biyu da da'irar tagulla, wanda aka riƙe da kyau, sau da yawa yana zuwa ƙasa da kuɗin sabo nesa ba kusa ba, kuma zai riga sabon mai arha tsufa ba tare da ya riga shi mutuwa ba. Waɗanda aka rubuta wa Jamus ta Yamma a ƙarƙashinsu an yi su ne kafin haɗewar Jamus a 1990, kuma kada shekarun su tsorata ka. Abin da ƙaninka zai nema wurin mai sayarwa shi ne bidiyon jirgin yana tafiya a hankali, gaba da baya. Gudu yana ɓoye ciwo, tafiyar hawainiya ce ke tona shi. Ya saurara ko akwai wannan ƙas, ƙas da na faɗa. Ya dubi ƙafafun, idan farin rufin ƙarfen ya cinye har launin tagulla ya fito sosai, jirgin ya yi doguwar tafiya, a rage kuɗi. Idan akwai wurin sa batirin na'urar sauti, a buɗe a ga ko tsohon batir bai zubar da ruwa ya ci ƙarfen ba. Kayan Aristo-Craft kuma, masu kyau ne, amma kamfanin ya rufe a ƙarshen 2013, kayan gyaransa sai an sha nema, don haka ba zan ba mutumin da ke nesa da kasuwar shawarar farawa da shi ba.

Akwai gwaji ɗaya da ke raba gardama a kan kowane saiti, sabo ko na hannu. A rubuta sunan kan jirgin a intanet, a nemi ko ana sayar da giyarsa ko injinsa daban. Idan ana sayarwa, an yi shi ne don ya daɗe. Idan babu, ka san ranar da ya tsaya ita ce ranarsa ta ƙarshe. Gare ka da ke Kaduna wannan ya fi muhimmanci a kan wanda ke zaune kusa da shago, domin duk abin da ya karye sai an jira mai zuwa.

To ga amsata kai tsaye. Saitin da bai kai dala 100 ba, mai dogon roba, ba zan saya wa yaro ɗan shekara 9 da ya riga ya nuna sha'awa ta gaske ba, balle don tsakar gida. Zai lalace daidai lokacin da yaron ya fara shaƙuwa da shi, kuma babu abin da za a tsira da shi a ciki. Idan kuɗin da ke hannu bai kai na mai dogon tagulla ba, gara a jinkirta zuwa wata tafiyar a cika, ko a sayi ƙaramin na hannu yanzu, dogo ya riƙa zuwa kaɗan-kaɗan duk lokacin da aka samu mai tahowa. Idan kuɗin ya kai, ka raba shi: kaso biyu cikin uku a kan saiti, kaso ɗaya a kan miƙaƙƙen dogo da mararraba ɗaya.

Wajen ɗauko shi, tagulla tana da nauyi, ƙaninka ya auna jaka tun a gida. Kan jirgin ya zauna cikin farin soson kwalinsa, ko a naɗe shi da tufafi a tsakiyar jaka, domin 'yan ƙananan kayan jikinsa ne ke fara karyewa. Idan akwai batirin litiyom na daban, a jakar hannu ake shiga jirgin sama da shi, ba a cikin kayan awo ba.

Idan ya iso, ku fara haɗa shi a ɗaki a kan siminti ko tayil, ba a kan kafet mai gashi ba, don zaren kafet yana naɗewa a sandar ƙafafu. Ku yi mako guda a nan yaron ya koyi ɗora ƙafafu a kan dogo da tashi a hankali. Sannan ku fita waje, ku zaɓi gefen da inuwa ke sauka bayan la'asar kuma ruwan indararo ba ya bi. Dogo ya kwana a waje, amma kan jirgi da tarago su koma ɗaki kowane dare. Goge dogo kuma ka bar wa yaron, aikinsa ne, ta nan zai fara gane dalilin da ya sa jirgi ke tsayawa. Ka ce wa ƙaninka ya haɗo da ƙaramin bututun giris da ɗan kwalbar mai waɗanda aka rubuta ba sa cin roba, daga shagon da ya sayi jirgin. Baƙin man mota ko man keken ɗinki kada ya kusanci giyar nan, wasu mayukan suna sa roba ta kumbura ta tsage. Ɗigo ɗaya da bakin tsinke a kowace sandar ƙafa, sau ɗaya kafin hunturu sau ɗaya bayan damina, ya wadatar.